Digirin Tace Littattafai

Tun da aka kafa dokar niƙe duk littafin da ya shekara goma ba a ara ba, karatun aikin laburare ya rabu biyu: adanawa, shekara biyar, da tacewa, wato ware waɗanda za a niƙe, shekara biyu. Ramlatu ta zaɓi tacewa, don ba a rasa aiki da shi. Malam Ɗanjuma, tsohon ma'aikacin laburaren garinsu da ya koya mata son karatu, yana zaton adanawa take karanta.

A jarrabawar ƙarshe aka dire mata kwalin littattafai. A ciki ta tarar da littafin waƙoƙin masunta da Malam ya yi shekaru yana bin bakin kogi yana tattarawa, kwafi ɗaya tak da ya rage. Mai sa ido yana tsaye a kanta. Ta buga wa littafin jan hatimin niƙa.

Ranar da ta karɓi shaidar digiri, ta kai wa Malam gida. Idonsa ya yi rauni, sai ya shafa takardar da yatsu.

"Kai, takarda mai kauri! Ina suke samunta yanzu?"

Ramlatu ta san da niƙaƙƙun littattafan jarrabawa ake yin ta.

"Ban sani ba, Malam."

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Idan kin kama aiki, ki ari littafina ko sau ɗaya, kar wa'adinsa ya cika."

"To, Malam," ta ce.

Ya miƙo mata takardar, ta kasa ɗaga hannu ta karɓa.