Unguwar da Ta Ƙi Gwamna

Tun da aka kafa dokar cewa duk wanda ya ci zaɓe sai ya tare a unguwar da ta fi hana shi ƙuri'a, unguwar Gangaren Tsamiya, inda Gwamna ya tare, ta samu kwalta da famfo da asibiti.

Ranar Talata da hantsi naƙuda ta zo wa Indo, matar Sallau mai faci, jini ya ɓalle mata. A irin wannan hali yayarsa ta rasu a hanyar birni shekarun baya. Yau cikin minti goma aka shige da Indo ɗakin tiyata.

Sallau na zaune a benci yana ta salati, sai ya lura Gwamna ne a gefensa yana jiran layi, ƙarfen da ke hana shi barin unguwar na ƙyalli a ƙafarsa.

Ungozoma ta leƙo. "Ina mijin Indo? An samu mace, duk suna lafiya."

Sallau ya durƙusa yana hawaye. "Ranka ya daɗe, Allah ya saka maka da alheri."

"Barka da arziki," in ji Gwamna. "Ka dai zaɓe ni?"

"Wallahi ban zaɓe ka ba."

"To, zaɓe mai zuwa fa?"

Sallau ya tuna mutanen Tudun Maƙera da suka ba Gwamna ƙuri'unsu kaf, har yau a amalanke suke kawo masu naƙuda.

"Ranka ya daɗe, kai mutumin kirki ne. Mun riga mun yi taro. Ko ƙuri'a ɗaya ba za ka samu a nan ba."