Gonar Cikin Gilashi

Tun da aka kafa dokar, babu mai gadon gona sai wanda ya ci jarrabawar noma a sakandare. Gonar jarrabawar kuwa a cikin allon gilashi take. Da yatsa ake shuka, na'ura ke ba da maki.

Ranar Talata Tanimu ya je makaranta tare da 'yarsa Hansatu karɓo sakamakonta, ita kaɗai Allah ya bar masa. A bakin ƙofa mai gadi ya sa shi wanke ƙasar da ke cikin farcensa, kada ta ɓata allo.

"Ta faɗi, Baba," in ji Malam Sallau, malamin noma. "Na'ura ta saukar da ruwan farko, ɗalibai ɗari uku suka shuka. Ita ta ƙi."

Tanimu ya dubi 'yarsa.

"Kai ka ce kada in yarda da ruwan farko sai na tona na ga danshi ya kai tsawon tafin hannu," ta ce a hankali. "Na yi ta neman inda zan tona, babu."

"Gaskiyarta, Malam. Bara masu gaggawa sai da suka sake shuka."

"Na sani, ni ma ɗan manomi ne." Malamin bai ɗago kai ba. "Amma na'ura ta riga ta aika wa hukuma sakamakon. Bayan ranka gonar ta hukuma ce."

A hanyar gida suka bi ta gefen geronsu, wanda Hansatu ta shuka, ya fi ta tsawo. Tanimu ya tsaya ya dubi hannuwansa. Shekara hamsin bai taɓa ganinsu fes haka ba.