Bokitin Kwamanda

Hannun rigar ya yi mata tsawo, sai da ta naɗe shi kafin ta iya kama bokitin.

A filin bayan ofishin kashe gobara aka jera su. Horo ne na shugabannin runduna, kan yadda mutum zai ja jama'arsa bayan wuta ta yi musu ɓarna. Ita ce mafi tsufa a wurin, kowa Kwamanda yake ce mata. In ta shigo aji hira takan mutu, wani ya tashi ya gyara mata kujerar gaba, kuma babu mai iya haɗa ido da ita.

Ba ta rubuta komai. Abu in mai amfani ne kai yana riƙe shi. Ranar da aka ce su rufe ido su ja numfashi a hankali, idonta biyu ta zauna. Numfashi dai tun haihuwa take yi, ba wanda ya koya mata.

Abin da ya kawo ta daban ne. Tun da wutar daji ta ci gangaren dutse ta tafi da mafi ƙarfi a cikinsu, mutanenta biyar suka lalace. Mataimakiyarta ta daina magana, abinci ma sai an tsaya a kanta. Biyu kullum faɗa suke kan wanda zai ajiye hular kwanon mamacin. Ɗaya ya daina fita, wai ƙaurin hayaki yake ji ko'ina. Na ƙarshen kuwa bai yarda an mutu ba, da ya ji ƙarar mota sai ya nufi ƙofa.

Manya sun riga sun zauna. In wata ya ƙare abin bai gyaru ba, za a raba su, kowa a tura shi inda za a iya da shi. Ita, sun ce ta tsufa.

Sai ta kwashe aikin kowa ta ɗora wa kanta. Ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya. A gabansu ko tsaki ba ta yi, balle hawaye. Ƙashin bayanta ne kawai ya san halin da ake ciki.

Mai horarwar, wani dogo mai tabon ƙuna a wuya, ya cika wa kowa bokiti, ya ce a miƙe hannu a riƙe. Wanda ya gaji ya kira wani ya karɓe shi. Dokar ke nan.

"Ke an yafe miki, Mama… Kwamanda."

"Na ce maka gurguwa ce ni? Zuba. Kuma ka cika shi, na ga hannunka yana rowa."

Samarin suka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Ba a jima ba aka fara kira. Ƙarti majiya ƙarfi, wannan ya ce wa wancan karɓi, su huta, su sake karɓa. Ta dube su a wulaƙance. Kafaɗarta ta ɗau zafi, gwiwar hannu ta fara rawa, ruwa yana fallatsa. Wani ƙato da ake ce wa Tanka ya matso ya miƙo hannu.

"Kawo, Kwamanda."

"Ka ji na kira ka?"

Ya ja da baya. Ta cije leɓe ta ci gaba da riƙo, har yatsunta suka mutu. Ba ta san lokacin da suka saki ba. Bokitin ya kife, ƙasa ta shanye ruwan nan take.

Mai horarwar bai yaba mata ba. Ya bi layin yana leƙa bokitin kowa, sannan ya dawo ya tsaya gabanta.

"Kin fi kowa daɗewa. Kuma ke kaɗai ce ba ki da ruwa. Da wuta ce a gabanki yanzu, da me za ki kashe ta?"

Ta so ta wanke shi tas. Ta san shi tun bai iya ɗaure igiyar takalmi ba. Amma ga jiƙaƙƙiyar ƙasa nan a gabanta, kuma ita ba ta musu da abin da idonta ya gani.

"In babba ya ce ya gaji, na ƙasa ba watsewa za su yi ba?"

"Sun riga sun fara, don kin hana su abin riƙewa. Ki ba kowa nasa. Kuma ki bar su su ambaci sunan mamacin. Ke ma ki ambata."

Da aka tashi ya raka ta bakin titi. Ya miƙa hannu zai ɗaukar mata jaka kamar kullum. Yau ta sakar masa.

Da la'asar ta tara mutanenta ta jera su. Hular kwano, kwana ɗaya-ɗaya, kuma wanda take hannunsa shi zai goge ta. Mai jin ƙaurin hayaki, shi ne mai buɗe ƙofa da safe, ya fita ya dubi sama ya zo ya faɗi abin da ya gani. Mai jiran mota, daga yau aikinsa cika randa, ko da kofi ne. Sannan ta juya ga mataimakiyarta. 

"Gobe ke za ki fara tashi. Ni na gaji."

Matar ta ɗago kai. Muryarta ta dishe don rashin amfani.

"To, Mama."

Sai tsohuwar ta cire rigar ta rataye a ƙusar bayan ƙofa, inda ɗanta yakan rataye ta, shi da ya laƙaba mata Kwamanda, shi da aka tanadar wa kujerar gaba a ajin nan kafin wutar ta ɗauke shi, ta zauna a ƙasa tsakanin mutanenta biyar ɗin, surukarta da jikokinta huɗu, ta kira sunansa.