Mai Kwance Aikin Baba

Malam Haruna makanisiye ne a unguwar Talladje, shi da ƴarsa Zulaiha kawai. Gwaninta yana da ita, aiki ne ya yi ƙaranci. Sai aka kawo masa tsohuwar motar tsere, abin da ke raba wa injinta mai ya lalace. In ya gyara, sunansa zai dawo.

Kullum yakan jera ƙananan robobin ciki ya ɗaure, ya tafi la'asar. Rannan Zulaiha ta dawo daga lakwal, wato makaranta, ta hango Seyni, mai garajin da ke kwashe musu masu gyara, yana kwance aikin.

Ta laɓe. Kashegari ma ya dawo, sai ta fito.

"Baba Seyni, me kake yi?"

Ya firgita. "Ƴata, duba nan. Babanki ya matse robar ta tsage, ita nake gyarawa. In aka tada motar haka, mai zai zuba, wuta ta kama. Idon babanki ya fara rauni. Don Allah kada ki faɗa masa."

Ba ta yarda ba. Ta tsaya ƙofar masallaci har mahaifinta ya fito, ta zayyana masa komai.

Ya ce, "Ya gama?"

"Saura kaɗan."

"To, zauna. Kina tsammanin addu'a ce kaɗai ke tsai da ni nan?"

Nan Zulaiha ta gane babanta ya sani tun farko, kuma shi da Seyni kowannensu kunyar ɗan'uwansa yake ji.