Ƙafar Baba Ranar Juma'a

Tun da aka wajabta wa tsofaffi sa wata shimfiɗa mai auna takunsu a cikin takalmi, Barira ce ke kai mahaifinta asibitin unguwa a duba tafiyarsa. A gidanta yake zaune. Ita ke tuƙa masa tuwo, ita ke gasa masa gwiwa da ruwan zafi. Ƙanenta Sagir kuwa ko maganin ciwon kai bai taɓa aikowa ba.

Ma'aikaciyar asibitin ta dubi allon kwamfutar da ke nuna abin da shimfiɗar ta auna, ta yi murmushi.

"Hajiya, ina yake zuwa ranar Juma'a da la'asar? Kullum yana jan ƙafar hagu, amma a lokacin nan sai ya taka kamar saurayi."

Barira ta san wurin. Gidan Sagir ne, inda ake miƙa wa Baba lemo a bar shi a zaure shi kaɗai.

"A gidana fa?" ta tambaya.

"A gida ƙafar tana nauyi," in ji matar, ta kau da kai.

Baba ya sunkuya yana gyara takalminsa kamar bai ji ba.

A hanyar komawa yana dafe da kafaɗarta. Da suka kusa kwanar gidan Sagir, sai ta ji nauyinsa ya ragu, takunsa ya miƙe.

"Baba, ta nan ya fi kusa," ta ce, ta juya shi zuwa ɗaya layin.

Bai yi musu ba. Ya bi ta, ƙafar hagu tana jan ƙasa.