Hujjar Tela

Tela yana sauraron masu zagin ɗan wasan da ya bar ƙungiyarsu ta Turai a rediyo, sai budurwarsa ta shigo shagon. Ta ajiye rigar ƙwallon da ya ba ta a kan keken ɗinki, a goge, a ninke.

Ya kashe rediyon. "Yayanki ne ya hana?"

"Ba wanda ya hana." Ta ƙi ɗago kai. "Jiya kai ka ce wanda ya gaji da jiran kofi, in ya tafi bai ci amanar kowa ba."

"Ƙwallo nake nufi."

"Na sani. Ni ma na gaji da jiran ka turo."

Bai taɓa faɗuwa a gardamar ƙwallo ba. Ya buɗe baki zai musa, ya tarar hujjar tasa ce.