Mai Tufka da Butar Ruwa

Tunda ka ce ranar Litinin za ka kama sabon aiki, ni kuwa na san ka da nauyin baki a gaban baƙi, zuciyata ta ƙi kwanciya. Ba ni da karatun da zan ƙara maka, sai wannan misali, ka riƙe shi.

An yi wani mai tufkar igiya wanda tun tasowarsa hannunsa bai san komai ba sai rama. Ya san yadda ake jiƙa ta a rafi, a ɓare ta, a yayyafa mata ruwa kafin a murza a cinya, domin busasshiyar rama ba ta da amana, tsinkewa take yi. Ana nan sai igiyar roba ta cika kasuwa, masu shanu da masu rijiya suka daina tsayawa a rumfarsa. Da tukunyar gidansa ta fara kwana a kife, ya nufi wani kamfani da ke yin zaren roba. Aka ɗauke shi gwaji, aka ce in wata ya ƙare bai yi ɓarna ba za a tabbatar da shi, in kuwa ya yi, ƙofar da ya shigo ba a rufe ta ba. Aikinsa ɗaukar buhu ne. Tsofaffin gorunan ruwa na roba ake wankewa a daddatse su ƙanana, shi kuma ya kai su wata ƙatuwar ganga mai hura iska mai zafi, daga can su gangara bakin inji. Inji ya narkar da su su koma kamar kunu mai kauri, ya matso su ta wani farantin ƙarfe mai ƙananan huji, irin yadda taliya ke fitowa daga injin murji, sai dai wannan gashin kai ma ya fi shi kauri. Iska ta sanyaya zaren, ƙarafa masu juyawa su ja shi su miƙar, sannan ya naɗe a kwarkwaro. Mutumin nan ya ga abin da bai taɓa gani ba, zare ba gona ba auduga. Kome ya gani sai ya tambaya. Ya tambayi dalilin jan zaren, aka ce jan ne ke ba shi ƙarfi. Ya tambayi ko hujin farantin yana toshewa, aka nuna masa yadda ake goge shi. Har abokan aiki suka sa masa suna Baba Me-ya-sa, shi kuwa ko a jikinsa.

Wata rana da damina zare ya kama tsinkewa. A ɗaura, ya tsinke, a sake ɗaurawa, ya sake tsinkewa. Mai kula da inji yana ta zufa, yana leƙa nan yana taɓa can. Mai tufka ya tsaya da buhu a kafaɗa yana kallo, a ransa yana cewa ai wannan ciwon ya san shi tun kafin a haifi mai injin: bushewa ce ta yi yawa. Ya ga dama ta zo da zai nuna shi ma ɗan sana'ar zare ne, a tabbatar da shi kafin wata ya cika. Bai ce wa kowa komai ba, ya ɗauki butar alwalarsa, ya hau tsanin da ke kaiwa bakin inji, ya karkata buta. Ruwa na gab da zuba sai halin nan nasa na tambaya ya riƙe masa hannu. Ya dubi gangar da ke hura zafi, ya ce a ransa, to in ruwa magani ne, me ya sa mutanen nan ke ƙona mai safe da yamma don su kore shi daga abin da suka wanke da hannunsu? Ya sauko da butarsa cike, ya je ya tambayi mai inji ko ba a ɗan yayyafa wa abin ruwa. Mai inji ya dubi buta, ya dubi tsani. Sannan ya ɗebo busasshiyar roba kaɗan ya ɗora a kan ƙarfe mai zafi, ya ja ta da ƙusa, ta biyo doguwa kamar yauƙin kuɓewa. Ya ɗebo wata ya ɗiga mata ruwan butar, ta yi ta tsartsatsi tana kumfa, da ya ja sai ta gutsure. Ya ce, "Baba, ruwan da ke raya ramarka shi ke kashe wannan. Da ka zuba, da kayan da ke cikin injin nan duka sun tashi a banza." Da aka bincika, ashe tsinkewar ma laimar damina ce ta jawo ta, wasu buhuna ne aka jingine kusa da taga feshi ya same su. Wato maganin da ya hau da shi, shi ne ciwon. Aka mayar da kayan ganga suka bushe, zare ya miƙe, wata ya ƙare, aka tabbatar da mai tufka. Ruwan butar nan kuwa, da shi ya yi alwalar azahar.

Ba abin da ka jahilta nake jin maka tsoro ba, ɗana, wannan ko ba ka so sai ka tambaya. Abin da kake ganin ka riga ka iya tun daga gida, shi ke hana ni barci. Kafin ka karkata butarka a gidan mutane, sauko ka buɗe baki. Masu iya magana sun ce, matambayi ba ya ɓata.